Bayit 376: Asalin Ƙofofin da ke Hana Rumbun Bayanai Zama a Kwamfutar Tebur

Duk wanda ya taɓa girka sabar rumbun bayanai a kwamfutarsa ta ofis ko ta gida ya san irin wannan takaici. Manhajar girkawa za ta yi tafiya har ta kusa kaiwa ƙarshe, sannan ta tsaya ta ce sabar ta ƙi tashi. Wani lokaci kuma komai ya kammala lafiya, amma kwamfutar da ke tebur na gaba ta kasa ganin rumbun, ko mai kwamfutar da kansa a ce masa ba shi da izinin shiga. Abin da aka saba ɗauka shi ne manhajar ce ba ta da kyau. Tarihi ya nuna wani abu daban: yawancin waɗannan ƙofofi da gangan aka rufe su, kuma ana iya faɗin ranar da ta sa aka rufe su.

Baƙon da aka haifa a wani gida

Rumbun bayanai irin na zamani, wanda ke tsara bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna, ya samo asali ne daga maƙalar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970. A 1979 Oracle ya shiga kasuwa. A wancan zamani sabar rumbun bayanai na zaune ne a babbar na'ura, cikin ɗaki na musamman, kuma tana da ma'aikaci wanda ba shi da wani aiki sai kula da ita. Shi yake zaɓa mata kalmar sirri, shi yake sanin ƙofofinta, shi yake karanta rahotonta kowace safiya. An gina manhajar bisa zaton cewa wannan mutum yana nan.

Microsoft ya shigo fagen a 1989, lokacin da ya haɗa gwiwa da Sybase da Ashton-Tate suka fitar da SQL Server na farko a kan OS/2. A 1993 aka kai shi kan Windows NT. Babban sauyin ya zo ne a 1999, da fitowar MSDE. Injin SQL Server ne sak, an rage masa ƙarfi, an iyakance girman kowane rumbu zuwa gigabayit 2, aka ba masu rubuta manhaja damar cusa shi cikin kayansu. Nan da nan ya bazu. Ya zo cikin Visual Studio .NET da wasu nau'o'in Office, ya kuma shiga cikin manhajojin wasu kamfanoni masu yawa. Mutum zai girka manhajar da yake bukata don aikinsa, a ƙarƙashinta kuma wata sabar ta zauna tana sauraron duk wanda ya ƙwanƙwasa daga waje, shi bai ma san tana nan ba.

Girkawa a wancan lokaci tana da sauƙi ƙwarai, domin kusan ba ta tambayar komai. Babban asusun rumbun, mai suna sa, ana iya barinsa babu kalmar sirri. A watan Mayun 2002 wata tsutsar kwamfuta da aka kira Spida ta riƙa zagaya intanet tana taɓa ƙofa mai lamba 1433, inda SQL Server ke sauraro, tana shiga duk inda ta tarar an bar wannan asusu a buɗe. Gargaɗi ne, amma kaɗan ne suka ji shi.

Asabar, 25 ga Janairun 2003

SQL Server 2000 ya zo da sabon abu: ana iya girka sabar fiye da ɗaya a kwamfuta guda, kowace da sunanta. Don baƙo ya san ƙofar da zai nufa, sai aka ajiye wani ɗan aike a ƙofa mai lamba 1434, wanda ake tambaya ya ba da amsa. David Litchfield, wani mai binciken tsaro ɗan Birtaniya, ya gano cewa idan aka aika wa ɗan aiken tambayar da ta fi ma'ajiyarsa tsawo, rarar kan malala zuwa wani sashe na ƙwaƙwalwar kwamfutar, har a iya sa ta aiwatar da umarnin baƙo. Ya sanar da Microsoft, kamfanin kuma ya fitar da faci a watan Yulin 2002, cikin sanarwar tsaro mai lamba MS02-039.

Wata shida bayan haka, da misalin ƙarfe 5:30 na safe agogon GMT, tsutsar Slammer ta fito. Girmanta bayit 376 ne kacal, wato ba ta kai tsawon wannan sakin layi ba. Ba ta goge komai, ba ta sata, ba ta ma rubuta kanta a kan faifai. Aikinta ɗaya: ta ƙirƙiri adireshi da ka, ta jefa masa kwafin kanta, ta sake ƙirƙirar wani, iya saurin da layin intanet ɗin ya bari. Masu binciken da suka nazarci yaɗuwarta sun lissafa cewa a minti na farko yawan kwamfutocin da ta kama yana ninkuwa duk bayan daƙiƙa 8.5, kuma cikin minti 10 ta kama fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda za ta iya kamawa. Aƙalla kwamfutoci 75,000 ne suka kamu.

Ɓarnar ta fito ne daga cunkoso. A Koriya ta Kudu intanet ta tsaya na sa'o'i a mafi yawan ƙasar. A Amurka yawancin na'urorin cirar kuɗi 13,000 na Bank of America sun daina aiki. A tashar nukiliya ta Davis-Besse da ke jihar Ohio, wadda a lokacin take rufe don gyara, allon da ke nuna ma'aunan tsaro ya ɗauke kusan sa'o'i 5. Hatta wasu kwamfutocin Microsoft kansa sun kamu.

Tambayar da ta biyo baya ita ce me ya hana mutane sa facin da aka ba su tun wata shida. Amsar tana da rassa biyu, kuma duka biyun maganar girkawa ce. Na farko, facin da kansa wahala ne: sai an tsayar da sabar, an adana tsofaffin fayiloli, an kwafi sababbi da hannu zuwa muhallansu. Sai bayan abin ya auku ne kamfanin ya sake fitar da gyaran cikin manhaja mai girka kanta. Na biyu, wanda ya fi muni, da yawa daga waɗanda abin ya shafa ba su san suna da abin da ake yi wa faci ba. Sanarwar ta yi magana ne da masu kula da rumbun bayanai, su kuwa masu MSDE ba su ɗauki kansu a cikin wannan sahu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan mai gidan bai san akwai bangon ba.

Yadda aka rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya

Tun a Janairun 2002 Bill Gates ya rubuta wa ma'aikatansa wasiƙa yana umartar a fifita tsaro a kan sababbin kwalliya. Slammer, da tsutsar Blaster da ta biyo baya a Agustan 2003, su suka mayar da umarnin aiki. Sabon fitin MSDE ya daina yarda a girka shi ba tare da an ba asusun sa kalmar sirri ba, ya kuma zo da hanyoyin sadarwarsa a kashe. A Agustan 2004 kunshin gyara na biyu na Windows XP ya kunna katangar tsaro ga kowa tun daga farko. A Nuwamban 2005 SQL Server Express ya gaji MSDE, ya zo da TCP/IP a kashe, ɗan aiken ƙofa ta 1434 kuma aka ware shi ya zama hidima mai zaman kanta, mai suna SQL Server Browser, wadda ba ta tashi sai an tashe ta. Windows Vista, a 2007, ya sa ko mai cikakken iko a kan kwamfuta yana aiki da ƙaramin iko har sai ya nemi ƙari. SQL Server 2008 ya daina ɗaukar shugaban kwamfuta a matsayin shugaban rumbu kai tsaye. Dole a ambaci sunan mai wannan matsayi lokacin girkawa.

Idan aka jera waɗannan matakai kusa da koke-koken masu girkawa na yau, sai a ga kowane koke da mahaifinsa. Kwamfutar maƙwabci ba ta ganin rumbun saboda matakan 2004 da 2005. Mai kwamfuta ya kasa shiga rumbunsa saboda matakan 2007 da 2008. Manhajar ba ta lalace ba. Tana jiran wani ya yanke shawarar da a 2002 ta kan yanke wa mutane ba da saninsu ba.

PostgreSQL ya iso wannan matsaya ta wata hanya. An fara shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986 ƙarƙashin Michael Stonebraker, kuma ya tashi cikin tarbiyyar Unix, inda ba a ba sabar da ke karɓar baƙi ikon komai. Sai a Janairun 2005, da fiti na 8.0, ya fara gudana a kan Windows ba tare da gada ba, ya kuma zo da wannan tarbiyya: ya ƙi tashi a ƙarƙashin asusun shugaban kwamfuta. Saboda haka a wancan lokaci manhajar girkawa kan ƙirƙiro masa asusu na musamman mai suna postgres. Idan aka cire manhajar, asusun yana nan. Idan aka dawo girkawa, sai a nemi tsohuwar kalmar sirrin da aka daɗe da mantawa. MySQL ma yana da kwatankwacin wannan: cire shi ba ya share ma'ajiyar bayanansa da ke ɓoye cikin ProgramData, don haka sabon girki kan ci karo da tsohuwar kalmar sirri ya ƙi ci gaba. Wannan ma da gangan ne. Manhajar da ke goge bayanan mutane duk lokacin da aka cire ta ba abar amincewa ba ce.

Kurakuran da ba na tsaro ba

Akwai wani rukuni na matsaloli wanda ba tsutsa ce ta haife shi ba. Shi kuma ya fito ne daga bambancin ɗabi'a: rumbun bayanai yana son ƙasar da ba ta motsi, kwamfutar tebur kuwa kullum sabunta kanta take yi.

A 2022 Turkiyya ta nemi a riƙa rubuta sunanta Türkiye a harkokin duniya. A ƙarshen 2023 wata sabuntawar Windows ta bi wannan sauyi a sunan tsarin harshe da yanki. PostgreSQL kuwa yana rubuta sunan tsarin da aka gina rumbu a kansa, yana neman sa duk lokacin da zai yi aiki, domin da shi yake jera kalmomi bisa haruffa. Da tsohon sunan ya ɓace, rumbuna da yawa suka ƙi buɗuwa. Shekaru kafin haka harafin å na sunan Bokmål, wato rubutaccen harshen Norway, ya jawo irin wannan rikici. Tushen matsalar shi ne tsohon ma'aunin ASCII mai alamomi 128, wanda babu ü ko å a cikinsa. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ su ma ba sa ciki, abin da ya sa ya fi aminci a guje musu a sunan kwamfuta ko na jakar da za a girka sabar.

Misali na biyu daga faifai ya fito. Shekaru da dama ana yanka faifan ajiya gida-gida, kowane gida bayit 512, daga baya aka koma 4096. SQL Server waɗannan biyun ya sani. Bayan fitowar Windows 11 a Oktoban 2021, wasu sababbin faya-fayan NVMe suka fara bayyana gidajen da suka fi 4096 girma, inda Windows 10 kan rufe wannan bambanci. Sai girkawa ta tafi har ƙarshe, injin ya yi yunƙurin tashi ya faɗi. Umarnin fsutil yana nuna girman gidan, Microsoft kuma ya wallafa gyaran da ake yi a rajistar Windows.

Abin da ke cikin hatsari

A irin wannan hali shawarar da ta fi yawo ita ce mafi sauƙi: a kashe katangar tsaro gaba ɗaya, a ba sabar cikakken iko, a sa kalmar sirrin da ba za a manta ba. Sau da yawa kuwa sai ta yi aiki, domin ta mayar da kwamfutar yadda take a 2002. Ba a daɗe da sake ganin sakamakon haka ba. A Janairun 2017 aka wawashe dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe ga intanet babu kalmar sirri, aka goge bayanan, aka bar takardar neman kuɗin fansa. A ƙarshen shekarar fiti na 3.6 ya zo yana sauraron kwamfutar da yake ciki kaɗai, sai an buɗe masa da hannu. Darasin 2003 ne aka sake biyan kuɗinsa.

Hanyar da tarihin ke koyarwa ta fi jinkiri. Kowace sabar tana rubuta dalilin faɗuwarta: SQL Server a fayil ɗin Summary.txt na girkawa da kuma ERRORLOG, MySQL a kundin kurakuransa, inda tun daga fiti na 5.7 yake ajiye kalmar sirrin wucin gadi da ya ƙirƙira. Umarnin netstat yana nuna ko wata manhaja ta riga ta zauna a ƙofa ta 1433, ko 3306 ta MySQL, ko 5432 ta PostgreSQL. Daga nan ake gane ko ragowar tsohon girki ne, ko saɓani da faifai ko harshe, ko kuma ƙofa ce da aka rufe da gangan. Idan ta ukun ce, ƙofa ɗaya ake buɗewa, ga kwamfutocin da aka sani kaɗai.

A asibiti ko makaranta ko shagon magani, kwamfutar da ake wannan gwagwarmaya a kanta ita ce za ta riƙe sunayen marasa lafiya, sakamakon ɗalibai da lissafin bashi. Ma'aikacin da aka gina manhajar bisa zaton yana nan bai biyo ta zuwa tebur ba. Wanda ya danna maɓallin girkawa shi ne ya gaji kujerarsa, kuma tambayoyin da manhajar ke tsayar da shi a kansu su ne aikin da ya gada.