Masu Ƙasar da Tashar Adjamé ke Kanta

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka a tashar Adjamé da ke Abijan ya san turereniyarta: yaran motocin haya na gbaka na rige-rigen fasinja, 'yan dako na ratsa mutane da buhunan albasa. Ƙasar da ake takawa ɗin nan tana da masu ita. Su ne Ebrié, masu kiran kansu Tchaman, masuntan da suka kafa ƙauyuka a bakin ruwan Abijan tun kafin zuwan Bature.

Da Faransawa suka fara shimfiɗa layin dogo a 1904, tudun Plateau suka ƙyalla ido a kai. Aka tashi Ebrié na ƙauyen Anoumabo daga can aka tsallakar da su ruwa. A 1934 Abijan ta zama babban birni, aka raɗa wa sabon mazaunin nasu suna Treichville, daga baya aka sake tura su Marcory. A Yulin 2024 kuma katafila ta shiga ƙauyen Adjamé don faɗaɗa hanyar gada ta huɗu, matasa suka yi arangama da jami'an tsaro. Dokar 2013 ta yanke wa haƙƙin gargajiya kan ƙasa farashi a Abijan: sefa 2,000 kan murabba'in mita. Wannan kuɗi, a ganina, cin fuska ne.

Irin wannan rikici an taɓa kai shi gaban alƙali. A Legas, Turawan Ingila sun karɓe filin Apapa suka ce basarake Amodu Tijani, mai sarautar Oluwa, ba shi da mallaka, kula kawai yake yi. Bai haƙura ba. Ya hau jirgin ruwa har Landan tare da Herbert Macaulay, kuma a 1921 kotun ƙoli ta daular ta ce miƙa Legas ga Ingila a 1861 bai shafe haƙƙin masu ƙasa ba. Aka biya fam 22,500. Har a Ostireliya an kafa hujja da hukuncin a shari'ar Mabo ta 1992.

Mutanen Ogiek na Kenya ma sun yi nasara a 2017 a Kotun Afirka da ke Arusha kan dajin Mau. Abin da ke min ciwo shi ne, a Afrilun 2020 gwamnatin Kodibuwa ta janye damar da talaka ke da ita ta kai ƙara can kai tsaye. Ɗan Adjamé da aka rushe wa gida, in kotun gida ba ta share masa hawaye ba, mafi kusa gare shi yanzu ita ce kotun ECOWAS da ke Abuja.