Ɓarawon Kuza: Doka da Launin Fata a Jos Zamanin Turawa

A labaran bincike da muka saba karantawa, ɗan sanda ne ke bin sawun ɓarawo har ya kamo shi, mai karatu kuwa ba ya shakkar wane ne mai gaskiya. Idan muka waiwayi tarihin ƙasar Jos, lamarin ba haka yake ba.

Anguwan Rukuba ta samo sunanta daga mutanen Rukuba, masu kiran kansu Bache, waɗanda suke noma a tsaunukan nan tun kafin Bature ya iso. Kuza ma ba baƙuwa ba ce, domin maƙeran Liruwe sun daɗe suna narka ta, fatake na kai ta kasuwannin ƙasar Hausa. A farkon ƙarni na 20 ne Kamfanin Neja ya kafa sansani a Naraguta, sannan dokar ma'adinai ta 1916 ta mayar da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar Sarautar Ingila. Daga nan, manomin da ya wanke kuza a rafin gonar ubansa ya sayar ba da lasisi ba, ya zama ɓarawo. Kamfanin da ya tone gonar baki ɗaya kuwa, takardar haya ce a hannunsa.

Garin ma raba shi aka yi. Dokar birane ta 1917 ta ware wa Turawa unguwarsu, aka tanadi fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da baƙar fata, wai don gudun zazzaɓin sauro. Talaka yana hannun 'yan dokan En'e da kotun gargajiya, kotun da ba ta da hurumin tuhumar Bature ko da shi ya yi laifin. A ganinmu, nan ne ainihin wariyar take, ba a zagi ko duka kaɗai ba.

Lebura bai zauna ba. Masanin tarihi Bill Freund, wanda ya wallafa littafi kan ƙwadagon kuza a 1981, ya ɗauki satar kuza a matsayin wata hanya ta bijirewa ƙarancin lada. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai gwamnati ta shiga ɗiban mutane ala tilas daga ƙauyukan Arewa har zuwa 1944. Da yawa sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Wanda ya tsere daga sansani ya koma gida, shi doka ta kira mai laifi, shi kuma 'yan doka suka bi sawu.