Bakolori 1980: Shin "umarni aka ba ni" yana wanke ma'aikaci?

Rubutunmu na wannan mako zai waiwayi abin da ya faru a Bakolori a shekarar 1980. Da yawanmu mun taso muna cin shinkafar Bakolori, muna ganin magudanan ruwan da suka ratsa gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun, amma ƙalilan ne a cikin matasa suka san cewa an zubar da jini a kan wannan ƙasa. Na ɗauko tarihin ne saboda tambayar da ke cikinsa tana nan da ranta: idan aka ba ma'aikacin tsaro umarnin da ya san zalunci ne, laifin a wuyan wa yake?

A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya cika aljihun gwamnatin soja, aka tsara manyan madatsun ruwa a Arewa domin noman rani. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta Bakolori, a kan gulbin Sakkwato, kusa da Maradun. A wancan lokacin duk yankin nan yana cikin Jihar Sakkwato, domin sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Zamfara. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya aka ba kwangilar, a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. An kammala ginin madatsar a 1978. Tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, tafkinta kuma ya mamaye kusan hekta 8,000. A takarda aiki ne mai kyau: manomi zai yi noma damina da rani, ƙasa ta rage sayo abinci daga waje.

A ƙasa kuwa, abin ya zo da wata fuska. Ruwa ya ci gonaki da gidajen dubban mutane a ɓangaren Maradun, aka mayar da su matsugunan da ƙasarsu ba ta kai wadda suka bari albarka ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗo cikin filin ban ruwa, katafila ta shiga ta baje iyakoki, ta tumɓuke itatuwan da ake mora, aka hana wasu shuka damina bayan damina da sunan ana gyaran fili. Can ƙasa da madatsar kuma, ambaliyar da fadama ke dogaro da ita kowace shekara ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. A 1978 ɗin ne kuma aka kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa filaye a hannun gwamna, diyya ta koma ta amfanin gona da gini da abin da aka dasa, ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Ko wannan diyyar ma ta yi ta jinkiri, manoma suna kukan cewa an tsallake sunayen wasu, an rage wa wasu haƙƙinsu.

Ruwa ba ya tsami banza. Da koke ya ƙi ci, manoma suka fara tare hanyoyin shiga wurin aikin suna hana motocin kamfani wucewa. Mulkin farar hula ya dawo a Oktoba 1979, Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa ya zama gwamnan Sakkwato. A watan Nuwamba na shekarar gwamnan ya yi wa manoman alkawarin duba koke-kokensu. Watanni suka shuɗe, shingayen suka ci gaba, aiki ya tsaya. A ƙarshen watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Suka buɗe wuta, suka bi mutane har cikin ƙauyuka. Birnin Tudu na cikin wuraren da sunansu ya fi fitowa a labarin wannan rana.

Mutum nawa suka mutu? Gwamnati ta ba da adadin da bai kai 30 ba. 'Yan adawa da masu bincike sun kawo adadin da ya haura 380. Dakta Yusufu Bala Usman ya sanya batun cikin littafin da ya tattara kan danniyar siyasa a Najeriya a 1982, Bjorn Beckman wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya shi ma ya yi dogon nazari a kai a 1985. Har yau tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu tana nan yadda take. Wannan tazara kanta shaida ce. Bayan kowane harbi akwai mai rubuta rahoto a ofishin 'yan sanda, akwai mai karɓar gawa, akwai wanda doka ta ɗora wa binciken musabbabin mutuwa, akwai lauyan gwamnati da zai duba ko akwai wanda ya kamata a gurfanar. Idan rayuka fiye da 300 za su iya ɓacewa tsakanin wannan adadi da wancan, to amanar alƙalami ta sami rauni kamar yadda ta bindiga ta samu.

Adalci ne mu dubi ɗan sandan da aka ɗora a mota a ranar. Ba shi ya zana taswirar aikin ba, ba shi ya riƙe kuɗin diyya ba. Mai yiwuwa shi ma ɗan manomi ne daga wani ƙauye mai nisa, albashinsa kuma shi ke ciyar da gidansu. An horar da shi a kan cewa kurtu ba ya musu da kofur, kofur ba ya musu da saje. An gaya masa mutanen da ke gabansa 'yan tawaye ne. Yana tsoron taron da ya fi shi yawa, yana tsoron wanda ke bayansa da igiya a kafaɗa. Matsalar da injiniyoyi da ma'aikatan filaye da 'yan siyasa suka shekara biyar suna ƙullawa, shi aka turo ya kwance ta cikin yini ɗaya, kuma abin da aka ba shi na kwancewa bindiga ce. Duk wannan gaskiya ne. Amma umarni iyakarsa kunne. Yatsan da ke kan kunamar bindiga na mutum ɗaya ne, kuma shi ke ganin ko wanda ke gabansa yana riƙe da makami ne ko kuwa ya juya baya yana gudu.

Dokar ƙasa ma ba ta bar wannan a duhu ba. Tsarin mulkin 1979, wanda bai fi wata 7 da fara aiki ba a lokacin, ya tabbatar da 'yancin rayuwa a sashe na 30. Ya yarda a yi amfani da ƙarfi wajen kwantar da tarzoma, amma gwargwadon abin da ya zama dole a hankalce. Wannan sharaɗi yana nan a sashe na 33 na tsarin mulkin 1999. Ma'anarsa ita ce doka ta bar wa ma'aikaci aikin aunawa, ba ta sauke masa shi ba. Kafin nan, a 1972, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a shari'ar Pius Nwaoga, wani sojan Biyafara da aka samu da hannu a kisan wani mutum lokacin yaƙin basasa. Ya kare kansa da cewa umarnin na gaba da shi ya bi, kotu ta ƙi karɓa, ta tabbatar da hukuncin da aka yi masa. A duniya kuwa, tun shari'ar Nuremberg ta ƙasar Jamus a 1945 da 1946 aka daina karɓar wannan uzuri a matsayin abin da ke wanke mutum. Wani abin lura, a Disambar 1979, wata 4 kacal kafin Bakolori, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin aikin jami'an tabbatar da doka, waɗanda suka taƙaita amfani da ƙarfi ga inda babu makawa.

Mu a nan ba sai mun je Jamus neman wannan darasi ba. Malamanmu suna karantar da ƙissar rundunar da Manzon Allah (SAW) ya tura, shugabanta ya fusata ya sa aka hura wuta, ya umarci mutanensa su shiga. Suka tsaya suna duban juna, suka ƙi. Da labari ya kai ga Manzon Allah, sai ya nuna cewa ƙin da suka yi shi ne daidai, domin biyayya tana cikin abin da yake na alheri ne kawai. Buhari da Muslim duk sun ruwaito ta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma, a Kitabul Farƙ, ya lissafa ƙwace dukiyar talaka da karɓar gaisuwa don karkatar da hukunci cikin halayen mulkin da ya yi wa jihadi. Ke nan abin da ya haifar da rikicin Bakolori da abin da aka kashe shi da shi, duka biyun an riga an yi mana gargaɗi a kansu cikin littattafan da ke zaurukanmu.

Wanda yake ganin umarni garkuwa ne, ya dubi shari'ar 'yan kasuwar Apo. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka kashe matasa 6 a Abuja, maza 5 da mace 1, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin binciken da gwamnatin Obasanjo ta kafa ya gano ba haka ba ne. Shari'a ta ɗauki kusan shekara 12. A watan Maris 2017 Mai Shari'a Ishaq Bello na babbar kotun Abuja ya yanke wa ƙananan 'yan sanda 2 hukuncin kisa, waɗanda suka ce umarni aka ba su. Babban jami'in da suka ambata kuwa, kotu ta sallame shi saboda ba a kawo hujjar da ta gamsar da ita ba. Umarni irin wannan da baki ake bayar da shi, ba ya barin sawu. Harsashi kuwa yana barin sawu, bindigar da ya fito daga cikinta kuma an rubuta sunan wanda ya karɓe ta. Ranar da za a yi hisabi, ƙaramin ma'aikaci shi ake samu tsaye shi kaɗai.

Sai dai ba daidai ba ne mu tara nauyin duka a kan kurtu mu koma gefe. Ƙin bin umarni yana da tsada: kulle a bariki, sauyin wurin aiki zuwa daji, ko kora. Al'ummar da take son ma'aikaci ya ce a'a, dole ta tanadar masa inuwar da zai fake. Shi ya sa ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Havana ta ƙasar Kyuba a 1990 suka haɗa abu biyu: babu kariya ga wanda ya bi umarnin da ya san haramtacce ne ƙarara alhali yana da damar ƙi, kuma kada a hukunta wanda ya ƙi bin irinsa. Suka ƙara da cewa mai bayar da umarnin shi ma yana da alhaki. A gida, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ce umarnin shugaba ba hujja ba ne, an sake fasalin dokar harbi ta 'yan sanda mai lamba 237 a 2019, sabuwar dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema. Dokokin suna nan a rubuce. Abin da ya rage shi ne shugaban da zai tsaya wa yaronsa idan ya yi aiki da su.

Me ya sa wannan tarihi ya shafe mu yanzu? Saboda Zamfara ta cika da masu ɗauke da makami da sunan kare jama'a: 'yan sanda, sojoji, 'yan sa-kai, ga Askarawan da aka ƙaddamar a Janairun 2024. Ƙannenmu ne da abokan karatunmu daga Faru da Jangebe da Bakura suke cike waɗannan gurabe, da yawansu suna sadaukar da rayukansu domin mu kwana lafiya, kuma sun cancanci addu'a da girmamawa. Amma kowannensu zai iya samun kansa a ranar da za a nuna masa mutum a kasuwa a ce "ɗaya daga cikinsu ne", babu shaida, babu alƙali. Duk wanda ya bibiyi yadda wutar daji ta ruru a jihar nan ya san cewa kisan da ake yi ba tare da shari'a ba yana cikin itacen da ya ƙara mata ƙarfi, domin kowane wanda aka kashe bisa zato ya bar ɗa ko ƙane mai riƙe da abin a zuciya.

Akwai tambayoyi uku da ma'aikaci zai iya yi wa kansa kafin ya ɗaga hannu, ko da bai taɓa shiga ajin lauya ba. Mutumin nan da ke gabana, yanzu yana barazana ga ran wani? Akwai wata hanya da ba a gwada ba, ko magana, ko barkonon tsohuwa, ko kamu? Zan iya maimaita abin da na yi a gaban alƙali, da sunana, ba tare da na rage komai ba? Waɗannan tambayoyi sun hau kan mai rubuta rahoto da mai gabatar da ƙara da mai gadin kurkuku, kamar yadda suka hau kan mai bindiga.

Dattawan da suka ga Afrilun 1980 da idanunsu suna raguwa. Wanda yake da kaka ko kawu a Birnin Tudu ko Maradun ko ƙauyukan da ke kewaye, ya zauna da shi ya rubuta abin da ya gani, da sunayen waɗanda ya sani sun rasu, tun kafin ƙasa ta rufe sauran shaidun. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba ma'aikatanmu zuciyar da za ta tsaya a kan gaskiya, Ya zaunar da jiharmu lafiya.