Jiki Magayi: Asirin Gida da Saurin Labari

Mu da muka tashi a Tudun Wada, Zariya, mun fara ganin Jiki Magayi ne a shimfiɗar masu sayar da littattafai, ɗan siriri, har mukan raina shi. Ba mu san cewa a ƙasarmu aka haife shi ba. John Tafida, mutumin Wusasa, shi da Rupert East na Hukumar Talifi suka rubuta shi, kuma yana cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar 1933, tare da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar da Idon Matambayi.

Jiki Magayi bai bi hanyar yaƙi da aljanu ba, cikin gida ya shiga. Malam Shaihu, attajirin da bai samu haihuwa ba, ya sa dukiya ya raba Abubakar da Zainabu. Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa. Sammun ya faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa a auren, ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne.

Ƙarfin littafin yana wurin da aka ajiye asirin. Mu masu karatu mun san tushen masifar tun farko, Kyauta ne bai sani ba. Saboda haka ba tambayar wanda ya yi muke ba, jiran ranar da gaskiya za ta fashe muke. Kowane babi yana matsar da mu kusa da ita, babu tsayawa shan iska.

Amma saurin nan ya ci mutane. Mun san zafin zuciyar Abubakar, domin an ba shi fili. Zainabu fa? A kanta aka yi rigimar, ɗanta ya lalace, mijinta ya mutu, amma ba a bar mu mun zauna da ita mun ji abin da ke cin ranta ba. Kyauta ma, da yake magani ne ke jan sa, da wuya mu ce ga halinsa na kansa.

Yau abin ya juya. Tun da Daɗin Kowa da Labarina suka karɓu a Arewa24, dogon zango ya zama abin yayi, haka ma littattafan da muke bi a waya. Fili ya samu, sai dai sau da yawa ana ɓoye asiri ne don a tsawaita zango, taurari suna ta zagaye wuri ɗaya.

Tafida da East suna da shafuka kaɗan, shi ne uzurinsu game da Zainabu. Marubucinmu na yau mai babi ɗari, idan ya bar tasa Zainabun ba baki, wane uzuri zai kawo mana?