Gina Duniyar Labari a Ƙasar Ƙonni: Daga Tatsuniya zuwa Manhajar Waya

Abin da marubutan zamani ke kira gina duniyar labari, wato tsara garuruwa da sarautu da dangantaka da dokokin wata ƙasa ta ƙirƙira kafin a saka taurari cikinta, tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma karkara irin ta Bazaga, wadda ke cikin gundumar Birnin Ƙonni a jihar Tawa, kusa da iyakar Nijar da Nijeriya, ta san ta tun kafin zuwan boko. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne wurin da ake ajiye wannan duniya da kuma wanda nauyin tsare ta ke kansa.

A zamanin tatsuniya, duniyar ta kowa ce. Tsohuwar da ta tara jikoki bayan cin tuwon dare ba ta bukatar bayyana halin Gizo ko haƙurin Ƙoƙi ko wautar kura, domin yara sun riga sun san su, kuma idan ta ba Gizo halin da ba nasa ba su ne za su fara gyara mata. Taswirar ma a tsaye take: gari yana da sarki da fada, bayan ganuwa akwai daji, cikin daji akwai Dodo da kogin da ba a ƙetarewa sai da sharaɗi.

Tsari mafi zurfi da Hausawa suka riƙe da ka shi ne na bori, ko da yake masu yin sa ba su ɗauke shi ƙage ba, malaman addini kuma sun daɗe suna yaƙi da shi. 'Yan borin Kano, kamar yadda Fremont Besmer ya rubuta a 1983, suna cewa iskoki na zaune a birnin Jangare cikin gidaje goma sha biyu a ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulemanu, kowane iska da danginsa da muƙaminsa da launin tufarsa da kirarinsa da kiɗan da ake kiransa da shi, tun daga Malam Alhaji har Ɗan Galadima da Sarkin Rafi. Nicole Echard ta yi irin wannan nazari a ƙasar Adar ta Nijar, inda jerin iskokin ya bambanta da na Kano. Wannan duniya tana karɓar baƙi, domin wajen 1925 aka sami Babule a yankin Filinge, iskoki masu kakin soja da muƙaman Nasara, waɗanda aka nema musu gurbi ba tare da an rushe tsohon gini ba. Makaɗan goge da garaya su ne ma'ajiyar wannan ilimi, kuma da wuya a sami kundin marubuci na yau da ya kai nasu tsari.

Rubutun boko ya mai da aikin hannun mutum ɗaya. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda duka suka fara daga ƙasar da mai karatu ya sani sannan suka tsallaka zuwa ta aljannu. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, Imam ya ɗauki dabarar saka labari cikin labari, ya gina fadar Sarki Abdurrahman da wazirinsa maci amana da aku mai ba da labari, har ta zama rumbun da ya zuba hikayoyin Larabawa da na Turai a ciki ba tare da sun yi baƙunta ba. Umaru Dembo ya kai mai karatu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. A ɓangaren Nijar, inda Faransanci ne harshen makaranta, Abdoulaye Mamani ya rubuta Sarraounia a 1980 da wannan harshe, a kan Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta ƙone Birnin Ƙonni a wannan shekara.

Daga tsakiyar shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya cika kasuwannin Arewa da ƙananan littattafai masu fitowa kashi-kashi, kuma hanyar Sakkwato zuwa Illela ta Nijeriya, wadda ke fuskantar Ƙonni, ita ce ƙofar da ta fi kusa da wannan yanki. Littattafan soyayya sun fi yawa, amma littattafan yaƙi, irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna da su, su ne suka fi bukatar gini, saboda kowannensu yana tafe da masarautu da bokaye da takubban tsafi da sadaukan da dole marubuci ya tuna iyakar ƙarfin kowanne.

Wayar hannu ta ƙara wannan nauyi. Marubuciyar yanar gizo, domin mata ne suka fi yawa a fagen, tana buga shafi da babban yatsa ta tura shi zauren WhatsApp ko Facebook ko manhajar Wattpad, wadda aka kafa a Kanada a 2006, ko ArewaBooks, kuma shafin da ya fita ya fita ke nan, tun da kafin gari ya waye an kwafe shi zuwa wasu zaurukan. Idan ƙanwar kishiya da aka kira Hajara a shafi na ashirin ta koma Hauwa a na saba'in, masu sharhi za su kama kuskuren nan take, kamar dai yaran tatsuniya. Don haka da yawa suke buɗe wani shafi na daban a manhajar ajiye rubutu, ko littafin makaranta mai layi, inda suke jera sunayen gida da shekarun kowa da wanda ya auri wa da shafin da wane ya rasu. Manhajojin da aka ƙera don wannan aiki, irin su World Anvil na 2017, suna ba da gurbin taswira da bishiyar zuriya da jerin aukuwar al'amura, sai dai da Ingilishi suke tafiya kuma sun fi dacewa da kwamfuta, wanda hakan ya taƙaita amfaninsu a nan. Ajiyar ma ba ta da tabbas, domin OkadaBooks, wadda marubutan Hausa suka sayar da littattafai a cikinta, ta rufe a 2023.

Abin lura shi ne manhaja ba ta sauya fasalin duniyar sosai ba, don har yanzu masarauta da yarima da waziri da gidan yawa da aljanin da ya auri bil'adama su ne ginshiƙan da aka fi ginawa a kai. A karkarar Ƙonni da Malbaza da Illela kuma, inda masu jin Hausa suka ninka masu karanta ta, labarin yakan iso ne da murya, daga masu karanta littattafai a YouTube, a sauke shi a ƙaramin katin waya wurin mai caji, sannan a saurare shi a tsakar gida ko a majalisar shayi.