Daga Majigi Zuwa Ajin Jami'a

Kakanninmu a filin gari suka fara kallon hoto mai motsi, lokacin da motar majigi ta Turawan mulkin mallaka ke zagayawa ana haska fim a kan farin kyalle. Wasu ne ke shiryawa, mu namu kallo.

Da kungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim din Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar shirya fim ta shigo hannunmu. Sai dai ba a aji aka koye ta ba. Yaro zai bi ubangidansa yana daukar masa fitila da wayoyi, har ranar da za a mika masa kyamara. Ina girmama wadannan mutane matuka, domin da kaset din VHS da karancin kudi suka gina masana'anta sukutum.

Karatun ya biyo baya. An bude cibiyar koyar da fim ta kasa a Jos a 1995, sannan a 2020 hukumar kula da jami'o'i ta kasa (NUC) ta raba kwas din aikin jarida gida bakwai, fim da hada sauti da hoto suka samu digirinsu. Yau dalibi na tace bidiyo a kwamfuta, ko ma a wayarsa.

Rokona ga jami'o'inmu: ku gayyato tsofaffin 'yan fim su koyar tun suna raye.