Tsofaffin kayan ɗaki a kasuwannin Magarya da Dungas

Wanda ya ci kasuwar mako a ƙasar Magarya ko ta Dungas, in ya wuce rumfunan ƴan koli da na masu atamfa, ya bar karar dabbobi a gefe, yakan iske wani lungu da ba shi da suna. Nan gyartai ke zama da basillarsa yana ɗinke ƙwaryar da ta tsage, nan mai liƙin kwanuka ke hura wuta, nan kuma mai sayen tsohon ƙarfe ke rataye sikelinsa. A kan buhun da aka shimfiɗa a rairayi akan ga langa wadda fentinta ya ɓare a baki, da baƙin akushi da aka ɗaure tsagarsa da waya, da ƙafar gadon ƙarfe, da fitilar ƙwai marar ƙwai, wani lokaci har da tasar tagulla da ta yi shuɗi don rashin gogewa. A Faransa irin wannan kaya yana da kasuwanninsa na musamman, kamar ta Saint-Ouen da ke bakin birnin Pari tun ƙarshen ƙarni na 19, inda tsufan abu ke ƙara masa kuɗi. A kudancin Damagaram tsufa rage kuɗi yake yi. Amma abin da ke kan wannan buhu ya cancanci a tsaya masa, domin kusan dukkansa daga ɗakin mata ya fito, kuma dukiyar mata ita ce ɓangaren tarihin yankin da takardun hukuma suka fi yin shiru a kansa.

Kayan ɗaki, a al'adar Hausa, su ne abin da uwa da danginta ke tarawa don ƴarsu ta tafi da shi gidan miji: gado da shimfiɗa, da kayan girki, da kayan jere. Uwa takan fara taro tun yarinya tana goye, da ribar ƙuli-ƙuli ko ta fura, da kwasar adashi, da gudummawar biki wadda ita ma ta daɗe tana kai wa wasu. Muhimmin abu shi ne kayan nan na matar ne ita kaɗai. Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar, ba ta haɗa dukiyar mata da ta miji, al'ada kuma ta ƙarfafa haka. Miji ya gina ɗaki, amma abin da ke cikinsa ba nasa ba ne. In aure ya mutu mace takan kwashe kayanta har tsintsiya. Saboda haka jeren da ke jikin bango ado ne kuma asusu ne, yana nuna yawan mutanen da ke bayan amarya, yana kuma jiran ranar da za a bukace shi.

Mafi tsufan abin da ake iya tsinta a kasuwa yana komawa ga zamanin da ƙasar ba ta san iyakar Turawa ba. Dungas da Washa da Miriya su ne garuruwan Sosebaki, waɗanda suka girmi Damagaram amma suka koma ƙarƙashinta a ƙarni na 19, sarautar Magarya kuwa tushenta gidan Haɓen Daura ne da jihadi ya tarwatsa. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884, Zinder ta zama zangon fataken da ke tsakanin Tarabulus da Kano, har maƙeranta suka riƙa zuba igwa. Ɗakin amaryar talaka a lokacin ƙorai ne suka cika shi, manya da ƙanana, waɗansu an yi musu zane da wuƙa, waɗansu da ƙarfe mai zafi, an rataye su cikin ragaya, kowace da faifanta na rufi. Akwai akusa, da adudu na ajiyar zane, da gadon kara ko na ƙasa, da kujerar tsuguno da masassaƙi ya fitar daga gungume guda. Tasar tagulla ko ta farin ƙarfe kuwa sai ɗakin ƴar sarki ko ƴar attajiri, don ƙarfenta daga nesa yake zuwa.

Daga cikin waɗannan kaɗan ne suka tsira. Ƙwarya tana fashewa, kara da kaba abincin gara ne, gobarar bazara kuma ba ta barin ɗakin shuci. Abin da ya jure shi ne icce mai tauri da ƙarfe. Wannan ya sa mai duban tsofaffin kaya ke iya ruɗuwa ya zaci kakanni cikin tagulla suke cin tuwo, alhali tasa ɗaya ce ta rage daga unguwar da ta cinye ƙorai dubu.

Canji na farko mai girma gyaɗa ce ta kawo shi. Faransawa sun kama Zinder a 1899. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakaninsu da Ingilishi suka shata iyaka, ayarin Tilho ya kakkafa alamunta tsakanin 1906 da 1908, sai ga Magarya a wata ƙasa, Daura da Ɓaɓura da Gumel a wata. Amma reluwe ta iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, harajin da Nasara ke karɓa da tsabar kuɗi ya tura manoma ga noman abin sayarwa. Rairayin Magarya ya karɓi gyaɗa hannu biyu. Shekaru da dama gyaɗar yankin ta hanyar Kano take fita zuwa teku, raƙuma da jakuna, daga baya motoci, da suka kai ta kudu ba sa dawowa wayam: sukan ɗauko atamfa da kananzir da kwanukan ƙarfe masu fenti. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗa, a shekarun nan kuwa ita ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga waje. Mata ba ƴan kallo ba ne a wannan arziki. Suna da gamanarsu, su ne kuma masu matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli, ribar kuwa bango take hawa.

Wanda ya kifa tsohuwar langa ya dubi gindinta yakan ga tambari. Na farkon sun zo ne daga Turai ta hannun manyan kantunan Turawa, har akwai masu ɗauke da sunan Cekoslobakiya, ƙasar da ta rabu biyu a 1993: langar ta fi ƙasar da ta ƙera ta tsawon rai. Sai na Honkon suka biyo da rahusa. Daga wajajen 1960 ƴan kasuwar Honkon ɗin suka kafa masana'antu a Ikko da Kano, kwano ya zama ɗan gida, ya isa ƙauyen da mota ba ta zuwa. Ta hanyar Tinkim da ta Maigatari, wadda kasuwarta ke ci ranar Alhamis, ya shigo ƙasar Magarya da Dungas, wani ta gaban duwan, wani ta bayanta.

A nan ne jere ya kai ƙarshen bunƙasarsa, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ƙwarya ana shuka ta a bayan gida. Langa sai da kuɗi. Da jere ya koma na kwano, sai ya zama abin ƙirgawa. Matan da suka zo ganin ɗaki sukan ƙidaya da ido: seti nawa, hawa nawa daga ƙasa zuwa rufi, an dace launi ko an yi gauraye, babba a ƙasa ƙarami a sama kowanne da murfinsa. Yawancin kwanukan nan ba a taɓa zuba musu miya ba. Akan sauko da su a wanke gabanin salla, a mayar. Baƙon da bai san ƙasar ba yakan ɗauki wannan almubazzaranci, malamai ma sun sha yin wa'azi a kansa, jami'an gwamnati sun sha kukan tsadar aure. Amma in aka dubi halin macen karkara a 1965, wadda ba ta da banki, gonar da take nomawa kuma aro ce daga miji, za a ga hankali ne ya sa ta zaɓi kwano. Kuɗi a hannu ba ya jure roƙon dangi. Akuya tana mutuwa. Kwano ba ya ci ba ya sha, kowa ya san mai shi, miji kuma yana jin nauyin ya miƙa hannu gare shi. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta bi diddigin irin wannan sauyi na kayan aure, ta nuna yadda mata ke gina darajarsu da su. Abin da ta gani a Katsinar Maraɗi bai yi nisa da na kudancin Damagaram ba. A wannan zamani ne kuma gadon ƙarfe mai rumfa ya kori gadon kara, fantimoti da akwatin ƙarfe suka ture adudu.

Asusu kuwa ranar fasawa gare shi. Tsofaffi sun gaji labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, lokacin da abin sayarwar bai wuce zane da munduwa ba. Farin 1973 da 1974 ya iske ɗakuna cike da kwano. A 1975 cutar da ƙwari ke yaɗawa ta halaka gyaɗa, noman bai sake komawa yadda yake ba. Sai 1984, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari. Iyakar ba ta buɗe ba sai 1986. Ga mutanen da rabin cinikinsu ke kudu, wannan duka biyu ne a wuri ɗaya. A irin waɗannan shekaru, haka ma a 2005, jere yakan sauko hawa-hawa. Ba mai shi ke kai shi kasuwa ba, don abin kunya ne a ga mace ta tallata kayan ɗakinta. Dillaliya ce ke shiga gida da almuru, ta fito da ƙunshi cikin zane, ta sayar a wani gari inda ba a san zanen furen ba. Akan fara da na sama, ƙananan da ba a lura da rashinsu, a matsa sauran don rufe gurbi. Tasar gado ita ce ta ƙarshe, sau da yawa ma jingina ake ba da ita da niyyar fansa, niyyar da ba kullum take cika ba. Rahotannin hukuma na waɗannan shekaru sun ƙidaya tan na hatsin agaji da kawunan dabbobin da suka mutu. Ba wanda ya ƙidaya gidajen da kwanon mace ya kai su ga kaka.

Abin da yunwa ta bari, yayi ya ƙarasa. Samira da tangaran da kayan gilashi sun shigo, kabad mai madubi ya ɗauke jere daga bango, roba da kulolin Sin suka cika kasuwa. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta sa kowa ya koma ga mai rahusa. Amaryar yau kujeru da katifa da labule take so, langar kakarta kuwa ta sauka tsakar gida kaji na shan ruwa a ciki.

Masu saye iri biyu ke jiran abin da ya fito. Na farko mai sikeli ne. Ba ruwansa da zane ko shekaru, nauyi yake saye. Tagulla da gorar ruwa suna da farashi mai kyau, a narke su a zuba tukunya ko a loda su mota zuwa Kano. Gadon ƙarfe yakan samu sassauci, don maƙeri na iya mayar da shi ƙyaure ko amalanke. Na biyu shi ne dillalin kayan gargajiya, mai yawo ƙauye-ƙauye yana tambayar tsohon akushi da kujerar tsuguno da ludayin icce da ƙyauren da aka sassaƙa. Sana'a ce da Hausawa, har da na Nijar, suka daɗe da riƙewa a Afirka ta Yamma. Christopher Steiner ya bayyana ta a littafinsa na 1994 kan kasuwar Abijan. Kayan sukan bi ta Zinder zuwa Yamai, ko kasuwar Kurmi a Kano, daga nan su haye teku. Shi wannan dillali tsufa yake nema, sheƙin da hannu da man shanu suka bari a jikin icce shi ne kuɗinsa. Amma yana shafe abu ɗaya da mai sikeli ma ke shafewa, wato sunan gari da na mai kayan. Akushin da aka sassaƙa a Washa, wanda ya ga aure uku, yakan isa kantin Turai da ƴar takarda mai kalma biyu: Hausa, Nijar.

Nijar tana da doka tun 1997 kan kare kayan tarihi, tana da gidan tarihi na ƙasa a Yamai tun 1959, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama, akwai kuma na jiha a Zinder. Sai dai hankalin masu kare kayan tarihi ya fi karkata ga abin da ake tonowa daga ƙasa, kamar gumakan Bura da ɓarayi suka wawashe, da kayan fada irin su takobi da lifidi da tambari. Langa ba ta shiga lissafi, tunda baƙuwa ce kuma ƙirar inji ce, dillali ma ba ya ɗaga ta. Wannan kuskure ne. Baƙon abu da ya shekara sittin yana auna darajar amare yana ciyar da gidaje a shekarar fari ya zama ɗan gari, kuma ya fi takobi ba da labarin yadda talaka ya rayu.

Masu iya karanta wannan kaya suna nan da ransu, amma sun manyanta. Tsohuwar da aka yi wa jere a zamanin Diori Hamani tana iya duban kwano ta faɗi sunan da mata suka sa wa zanensa, da shekarar da ya yi yayi, da tiya nawa ta gyaɗa aka sayar kafin a same shi, da wanda ya ba da shi gudummawa. Ba a rubuce ko ɗaya yake ba. Ranar da ta rasu, bayan sadakar bakwai ko ta arba'in, akan fito da kayan tsakar gida, malami ya zauna a yi musu kuɗi a raba bisa ƙa'idar gado. Seti yakan watse, murfi ya bi wannan gida, gindi ya bi wancan. Jika takan ɗauki ɗaya don tunawa. Sauran, waɗanda ba mai so, yaro ke ɗaurawa a bayan keke ranar kasuwa ya nufi lungun mai sikeli.